Me Ya Sa Hukunci Ba Ya Isa Ga Manya?

Tambaya daga wani mai karatu: "Malam, na daɗe ina bin labaran shari'o'in manyan mutane a ƙasashe daban-daban, kuma abin da nake gani kusan iri ɗaya ne. A kama mutum da hayaniya, a gurfanar da shi a kotu, daga nan sai shiru, bayan wasu shekaru ka gan shi ya dawo kan muƙami. Ga dokoki a rubuce, ga kotuna a buɗe, hukumomin yaƙi da rashawa kuma sai ƙaruwa suke yi. Shin dokokin ne ba su da kyau, ko kuwa alƙalai ake saye? Kuma akwai ƙasar da ta taɓa faɗawa wannan hali ta fita?"

Malam, idan na fahimce ka daidai, abin da ya dame ka shi ne yadda ƙasa za ta kasance da kundin tsarin mulki, da kotuna, da masu bincike, amma a samu wani rukuni na shafaffu da mai waɗanda hukunci ba ya isa gare su. Amsata, bisa abin da na gani a aikin lauya da kuma koyar da dokar tsarin mulki, ita ce: a mafi yawan ƙasashen da abin ya shafa, laifin ba a rubutun doka yake ba, kuma sayen alƙali, ko da yake yana faruwa, ba shi ne babbar hanyar tsira ba. Hanyar da ta fi aiki ita ce ta wuraren da doka da kanta ta bar wa jami'i zaɓi: wa za a bincika, wace tuhuma za a shigar, yaushe za a zauna, wa za a naɗa alƙali, wa za a yi wa afuwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana iya kasancewa bisa ƙa'ida idan aka dube shi shi kaɗai. Sai an jera su, an ga cewa kullum ɓangare ɗaya suke karkata, sannan ake gane cewa doka ta daina aiki a kan wasu.

Abin da ake nufi da fifikon doka

Fifikon doka ba yawan dokoki ba ne, domin gwamnatocin kama-karya ma suna kafa dokoki, wani lokaci fiye da kowa. Abin da ake nufi shi ne mai mulki da kansa ya kasance a ƙarƙashin ƙa'idar da aka sani tun kafin a yi aiki, ƙa'idar ta hau kan kowa daidai, kuma a samu wani mai zaman kansa da zai yanke hukunci idan an yi saɓani, hukuncinsa kuma ya zartu ko da a kan gwamnati ne. Tunanin tsoho ne ƙwarai. A yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, manyan Ingila sun tilasta wa Sarki John ya yi alkawarin cewa ba zai sayar wa kowa adalci ba, ba zai hana shi ba, ba kuma zai jinkirta shi ba. Tun ƙarnuka kafin wannan, a hadisin matar nan ta ƙabilar Makhzum da ta yi sata aka nemi a cece ta saboda girman danginta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa abin da ya hallaka mutanen da suka gabata shi ne idan mai daraja ya yi sata sai su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi. A lura cewa waɗancan mutane suna da doka, kuma suna zartar da ita. Abin da ya hallaka su shi ne zaɓen wanda za a zartar wa.

Jinkiri

Zan daɗe a kan jinkiri domin shi na fi sani a aikace, kuma shi ne wanda jama'a suka fi rainawa. Lauyan da ke kare babban mutum sau da yawa ba ya buƙatar ya ci shari'a, abin da yake buƙata shi ne kada shari'ar ta ƙare. Zai fara da ƙalubalantar hurumin kotu. Idan aka yi watsi da ƙorafinsa sai ya ɗaukaka ƙara a kan wannan ƙaramin hukuncin, ya nemi a dakatar da babbar shari'ar har sai kotun sama ta yi magana. Kafin maganar ta dawo, an sauya wa ɗan sandan da ya yi bincike wurin aiki, wani shaida ya rasu, wani ya bar ƙasa, wani kuma ya ga alamar cewa wanda ake tuhuma ya sake samun shiga a gwamnati, sai tunaninsa ya fara rauni. Idan aka yi wa alƙalin ƙarin girma ko ya yi ritaya, sai a faro shari'ar daga farko a gaban sabon alƙali. Na ga shari'o'in da aka fara su da hujjoji masu ƙarfi suka mutu ta wannan hanya, ba tare da wani ya karya doka ko guda ba.

Shari'ar tsohon gwamnan Filato a Najeriya, Joshua Dariye, ta nuna wannan a fili. An gurfanar da shi a 2007, amma ƙorafe-ƙorafen share fage suka riƙe maganar har zuwa Kotun Ƙoli, wadda ta yi watsi da su a 2015. Ba a yanke masa hukunci ba sai a 2018. A Afirka ta Kudu, tuhumar da ake yi wa Jacob Zuma kan cinikin makamai ta faro tun 2005, aka janye ta a 2009 ana saura makonni ya zama shugaban ƙasa, aka dawo da ita a 2018, kuma ta ci gaba da jan ƙafa shekara da shekaru bayan haka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cewa jinkirin nan guda ɗaya yana yi wa mutum biyu aiki iri biyu. Mai hali yana kan beli, yana gidansa, kowane ɗage zama riba ce a gare shi. Talakan da ya kasa cika sharuɗɗan beli yana gidan yari, kowane ɗage zama ƙarin ɗauri ne ba tare da an same shi da laifi ba. Na sha haɗuwa da waɗanda zaman jiran shari'arsu ya zarce tsawon ɗaurin da za a yi musu ko da an tabbatar da laifin. A Najeriya wajen kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi. Wanda ya ce kotu tana jinkirta wa kowa daidai ya faɗi gaskiya a takarda, amma bai leƙa waɗannan gidaje ba.

Wanda ke riƙe da ƙofar kotu

Alƙali ba ya hukunta abin da ba a kawo gabansa ba, saboda haka mai gabatar da ƙara ya fi shi tasiri a mafi yawan shari'o'in manya. A ƙasashe da dama antoni janar minista ne a majalisar zartarwa, shugaban da ya naɗa shi yana iya sauke shi duk ranar da ya so, kuma shi ke da ikon karɓe kowace ƙara ko janye ta. A kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 wannan iko yana sashe na 174. Ba a buƙatar umurni a rubuce kafin jami'in da ke wannan matsayi ya gane ƙarar da ba a so ya taɓa. Wani lokaci ma ana shigar da ƙarar, amma a rubuta tuhumar da sako-sako, ko a ƙi kiran shaidan da ya fi muhimmanci, ta yadda alƙali mai gaskiya ba shi da zaɓi illa ya sallami wanda ake tuhuma, jama'a kuma su ɗora wa kotu laifi.

Idan kuma hukumar bincike ta cika kaifi, akwai hanyar dusashe ta. Rundunar binciken manyan laifuka ta Afirka ta Kudu da aka fi sani da Scorpions, wadda ta binciki Zuma da wasu jiga-jigan jam'iyya mai mulki, majalisar dokoki ce ta rushe ta, aka kammala rushewar a 2009. A Gwatamala, hukumar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka aka kafa a 2007 ta bankaɗo almundahanar kwastan da ta sa Shugaba Otto Pérez Molina ya yi murabus a 2015, ya ƙare a gidan yari. Da binciken ya juyo kan shugaban da aka zaɓa bayansa, Jimmy Morales, sai ya ƙi sabunta wa'adin hukumar, ta rufe a 2019, daga baya kuma da yawa daga cikin masu gabatar da ƙara da alƙalan da suka yi aiki da ita suka tsere daga ƙasar.

Kada ka ɗauka abin ya tsaya ga 'yan siyasa ko ga ƙasashe matalauta. A 2012 bankin HSBC ya amince ya biya hukumomin Amurka tarar kusan dala biliyan 1.9 bayan an gano cewa kuɗin masu fataucin miyagun ƙwayoyi na Meksiko sun bi ta cikinsa, aka yi sulhu, ba a gurfanar da ko ɗaya daga cikin shugabannin bankin ba. Dalilin da aka riƙa bayarwa shi ne tsoron abin da gurfanar da banki mai wannan girma zai jawo wa tattalin arziki. Dalilin yana da nauyi, amma ma'anarsa ita ce girma da kansa ya zama kariya, kuma tarar da masu hannun jari suka biya ba ta taɓa mutumin da ya yanke shawarar ba.

Alƙalai, rigar kariya da afuwa

Game da alƙalai, wanda ya ƙware ba ya sayen su ɗaya bayan ɗaya, sauya su yake yi. Gwamnatin Hangari ta rage shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62 a farkon 2012, abin da ya fitar da alƙalai fiye da 200 a lokaci guda, galibinsu manya. Kotun Tarayyar Turai ta ce matakin ya saɓa doka a ƙarshen wannan shekara, amma kafin nan an riga an cike da yawa daga cikin kujerun. Dokar rage shekarun ritaya ba ta kama da juyin mulki, shi ya sa ta fi tankar yaƙi sauƙin wucewa.

Rigar kariya tana da hujjarta, wato kada a hana mai mulki aiki da ƙararraki marasa tushe. Sashe na 308 na kundin Najeriya ya hana gurfanar da shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu muddin suna kan mulki, ko da yake Kotun Ƙoli ta bayyana a 2002, a ƙarar da Gani Fawehinmi ya shigar, cewa ana iya bincikensu. Wannan kariya ce ta wa'adi, tana cirewa idan mutum ya sauka, sai dai shekaru takwas sun isa hujja ta ɓace. Wadda Kotun Ƙolin Amurka ta bayyana a watan Yulin 2024 ta fi nisa, domin ta ce shugaban ƙasa yana da kariya daga tuhumar laifi kan ayyukansa na ofis ko bayan ya sauka, cikakkiya a kan wasu, a kan wasu kuma ana ɗaukar yana da ita har sai mai ƙara ya nuna akasin haka. A ganina wannan nau'i na biyu ya fi haɗari, saboda manyan laifukan mai mulki da ikon ofis ake aikata su.

Afuwa kuwa ita ce ƙofar ƙarshe. Shugaban Amurka Gerald Ford ya yafe wa magabacinsa Richard Nixon a watan Satumban 1974 tun kafin a tuhume shi. Koriya ta Kudu ta tsige Shugaba Park Geun-hye a 2017, ta ɗaure ta, sannan aka yi mata afuwa a ƙarshen 2021. Dariye da aka yi shekara 11 kafin a hukunta shi, a 2022 aka yafe masa tare da tsohon gwamnan Taraba, Jolly Nyame. Duk waɗannan bisa doka aka yi su. Amma ka yi tunanin matashin mai bincike da ya ƙi cin hanci, ya jure barazana har aka kai ga hukunci, sannan ya ga an goge aikinsa da sa hannu ɗaya. Gobe idan aka miƙa masa fayil ɗin wani babba, da wane ƙarfin gwiwa zai buɗe?

Kama manya ba shi ne ma'auni ba

Nan ne nake so in ja hankalinka, domin mai jin haushin yadda manya ke tsira yana iya faɗawa wani ramin, ya riƙa murna da duk kamen da aka yi ko ta wace hanya. Gwamnatin da ke kama tsofaffin abokan hamayya, tana barin 'yan mowa, ba ta gyara komai ba, ta dai sauya sunayen waɗanda doka ba ta taɓawa. Har ma ta koya wa 'yan siyasa cewa hanyar tsira ita ce sauya sheƙa, ta kuma ba wa kowane ɓarawo na gaske damar cewa bi-ta-da-ƙulli ake yi masa, jama'a su yarda saboda sun ga an yi wa wasu.

Birazil darasi ce a nan. Binciken Lava Jato da ya faro a 2014 ya bankaɗo rashawa ta haƙiƙa a kamfanin mai na gwamnati, ya kai manyan 'yan kasuwa da 'yan siyasa gidan yari. An ɗaure tsohon shugaban ƙasa Lula da Silva a 2018, abin da ya hana shi takara, sai ga alƙalin da ya hukunta shi, Sergio Moro, ya zama ministan shari'a a gwamnatin wanda ya ci zaɓen. A 2021 kotun ƙolin ƙasar ta soke hukunce-hukuncen, ta kuma ce alƙalin ya nuna son kai. Asarar ba ta tsaya ga shari'ar mutum ɗaya ba, domin wasu da hujja ta kama su sosai sun samu abin fakewa. Keta ƙa'ida don a kama mai laifi bashi ne da ake biya da ruwa.

Saboda haka ma'aunin da nake amfani da shi shi ne: shin ana iya bincikar wanda ke kusa da mai mulki na yanzu, kuma idan gwamnati ta sha kaye a kotu, tana bin hukuncin? Na biyun nan ya fi kowanne muhimmanci, domin kotu ba ta da soja ko ɗan sanda nata, da hannun ɓangaren zartarwa take aiwatar da hukunci. Nixon ya miƙa kaset-kaset ɗin da Kotun Ƙoli ta umurce shi ya miƙa a watan Yulin 1974, bayan makonni biyu ya yi murabus. A Najeriya, a 1986, lokacin mulkin soja, Kotun Ƙoli ta ƙi biya wa gwamnatin Legas buƙata a rikicinta da Odumegwu Ojukwu kan wani gida a Ikoyi, saboda gwamnatin ta yi amfani da ƙarfi ta fitar da shi alhali magana tana gaban kotu. Ranar da gwamnati ta fara zaɓen umurnin kotun da za ta bi, kamar a ba da beli ta ƙi saki, sauran dokokin ƙasar sun koma shawara.

Ana iya fita?

Ana iya fita, amma ba da sauri ba, kuma ba da tsafta kamar yadda muke so ba. Hong Kong ta kafa hukumar yaƙi da rashawa a 1974, ta cire ta daga hannun 'yan sanda, ta ba ta kuɗi da ma'aikatanta, cikin shekaru ta sauya birnin da rashawa ta yi wa katutu. Sai dai a 1977, bayan boren 'yan sanda, gwamna ya yi afuwa ga mafi yawan laifukan baya. An sadaukar da hukunta jiya don a kama gobe, kuma har yau masana suna saɓani kan ko ya dace. Kotun Ƙolin Kenya ta soke zaɓen shugaban ƙasa a 2017, kotun Malawi ta yi haka a watan Fabrairun 2020, a Malawi kuma aka sake zaɓe shugaba mai ci ya faɗi, ya sauka.

Gyaran da na ga yana da amfani ba ƙara tsananin hukunci ba ne, domin ɗaurin rai-da-rai ba ya tsoratar da wanda ya san ba za a kai ga hukunci ba. Abin da ke aiki shi ne taƙaita zaɓin da na ambata a farko da tilasta bayyana dalili. A raba ofishin mai gabatar da ƙara da kujerar minista, kamar yadda kundin Kenya na 2010 ya yi, a ba shi wa'adin da ba a sauke shi sai da dalili. Duk ƙarar da aka janye, a rubuta dalilin janyewar inda jama'a za su gani, haka ma afuwa. Kuɗin kotuna su fito kai tsaye, kada alƙalin alƙalai ya je roƙo gidan gwamnati. A hana dakatar da shari'ar laifi saboda ƙorafin share fage, abin da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015 ta yi a sashe na 306, kuma ya rage wannan dabara ko da yake bai kashe sauran ba. A kare masu fallasa da 'yan jarida, domin kusan duk babbar shari'ar rashawa daga bakin wani na ciki take farowa. Lauyoyi ma muna da namu alhakin, domin mafi yawan dabarun jinkiri da hannunmu ake rubuta su, kuma ƙungiyoyinmu ba su cika hukunta mai yin haka ba.

Iyakar abin da lauya zai iya faɗa maka ke nan, domin akwai ɓangaren da ya fi ƙarfin doka. Duk waɗannan gyare-gyare majalisa ce za ta yi su, kuma waɗanda za su shafa su ne ke zaune a cikinta. Ba sa yi sai sun ga rashin yin zai ci kujerarsu, wanda hakan ya dogara ga mai zaɓe, mai zaɓe kuma sau da yawa yana ƙin ɓarawon wata ƙabila ko wata jam'iyya, yana kare nasa. Kotun Tsarin Mulkin Afirka ta Kudu ta yi duk abin da kotu za ta iya: a 2016 ta umurci Zuma, yana kan mulki, ya mayar da wani ɓangare na kuɗin gwamnati da aka kashe a gidansa na Nkandla, a 2021 ta ɗaure shi wata 15 saboda raina kotu, tarzomar da ta biyo baya ta ci rayuka fiye da 300, a 2024 kuma ta hana shi tsayawa takarar majalisa saboda wannan ɗaurin. A zaɓen na 2024 sabuwar jam'iyyarsa ta zo ta uku a ƙasar, da kusan kashi 15 cikin 100 na ƙuri'u da kujeru 58 a majalisar dokoki.